Jar Masarar Yotam Daka

Shekara tara Yotam Daka ya yi a ƙauyen Chimkoko, amma ko taku ɗaya na ƙasar garin bai zama nasa ba. Haka abin yake a wajenmu. Namiji ne ke tattara komatsansa ya koma garin matarsa, ya kafa ɗaki a bayan na surukarsa, ya noma inda aka nuna masa da baki. 'Ya'yan da ya haifa na dangin uwa ne, kawunsu ke da ta cewa a kansu. Yotam bai taɓa ɗaukar wannan da zafi ba. Dogo ne mai ɗan ranƙwafawa, mai sanyin hali, wanda in an tsokane shi sai ya yi murmushi ya ci gaba da gyaran kekensa. Lakson, yayan matarsa, zakaran aro yake kiransa, shi kuma yana amsawa.

Abin ya faro ne daga 'yarsa Tisa, tana da shekara shida. Wata rana a watan Satumba, rana ta faɗi, mata da yara suna cin tuwo a tsakar gida, shi yana gefe a kan kujerarsa. Sai ya ga Tisa ta gutsuri loma ta miƙa hannu wajen miya, ta dangwala a ƙasa. Ta sake miƙawa, ta sake kuskurewa, sannan ta shiga lalube.

"Ke Tisa, da abinci kike wasa?" in ji Faides, uwarta, tana jijjiga jaririn da ke bayanta.

"Ban ga kwanon ba, Mama."

"Ga shi nan a gabanki kamar ya cije ki."

Daga ranar Yotam ya sa mata ido. Da rana ba yarinyar da ta fi ta tsalle-tsalle a unguwar. Amma da zarar rana ta yi ja, sai ta bar wasa ta je ta jingina da bangon madafa, ba ta motsi sai wani ya kama hannunta. Kakarta, tsohuwa Alines, ta ce ƙiwuya ce kawai, yarinya ta gano lokacin da ake aiken ɗebo ruwa. Yotam ya san ba a musu da suruka. Ranar Litinin ya ɗora Tisa a bayan keke ya kai ta ɗakin shan magani.

Nas ɗin ta ja fatar idon yarinyar ƙasa, ta kira shi ya matso. A gefen farin idon akwai wani ɗan tabo kamar kumfar sabulu da ta bushe.

"Dundumi ne," ta ce. "Jikinta ya rasa bitamin A. Me take ci?"

"Tuwo."

"Da me?"

"Da abin da aka samu. In da damina, ganyen kabewa. Yanzu kuwa sai busasshe."

"Ƙwai fa? Madara? Hanta?"

Yotam ya dube ta, ya ga da gaske take tambaya. "Hanta sai ranar Kirsimeti," ya ce, "ita ma a bakin manya take tsayawa."

Nas ta yanke kan wata 'yar jar ƙwaya ta matse wa Tisa a baki, ta ba shi ta gobe, ta ce su dawo bayan mako biyu a ƙara mata. "Kwana biyu zuwa uku idonta zai buɗe. Amma aro ne, jiki zai cinye shi cikin 'yan watanni. Rabon ƙwayar da muke yi gida-gida na 'yan ƙasa da shekara biyar ne, ita ta wuce. Sai dai ta riƙa samu a abinci." Ta yi rubutu a takardarta. "Ranar Alhamis malamar gona za ta zo makarantarku da wani sabon irin masara. Ka je."

Ya je. Malama Mumba gajeriya ce, ta zo a kan babur da hular kwano wadda ta fi kanta girma. Ta tsaya a gindin mangwaron makaranta ta ɗaga masara guda ɗaya, ja kamar cikin nunanniyar gwanda.

"Wannan ba magani ba ne, abinci ne," ta ce. "Shekara da shekaru aka yi ana haɗa iri da iri har aka samu wadda ke ɗauke da abin da idon yaro ke nema. Tuwon da kuka saba shi za ku tuƙa, launi ne kawai ya bambanta."

Lakson ya ɗaga hannu daga baya. "Malama, mun ji an ce in namiji ya ci sai haihuwa ta tsaya masa."

"'Ya'yanka nawa?"

"Tara."

"To ka turo mini matarka, ni na san za ta karɓa da hannu biyu."

Aka yi ta dariya, amma da aka zo rabo mutum shida ne kawai suka miƙa hannu cikin fiye da hamsin. Malama Mumba ta ba kowa leda guda ta kilo biyu, ta kuma ja musu kunne a kan abu biyu. A shuka ta nesa da farar masara, don iska na kwasar bununin wannan ta kai wa waccan. Kuma kada a ajiye iri daga abin da aka girbe, kowace shekara sai sabo.

Samun iri bai zama samun gona ba. Da yamma Yotam ya je ya tsuguna a bayan rumbu, tsohuwa Alines tana zaune a ɗaya gefen ta juya masa baya tana ɓarar gyaɗa, Faides tana tsakiya tana kai magana tana kawowa, ko da yake kowannensu yana jin ɗan'uwansa sarai. Tun da ya auri 'yarta ba su taɓa haɗa ido ba.

"Ki gaya wa mijinki," in ji tsohuwa, "na san masarar nan tun bai san hanyar garin nan ba. Shekarar casa'in da biyu, da ruwa ya ƙi, ita aka kawo mana a buhuna daga ƙetare tana warin ruma. A can aladu ake ba wa. Muka ci don ba yadda za mu yi. Mabvuto, wanki da kike bi, shekararsa uku. Ya ci, cikinsa ya ɓare, kwana huɗu na binne shi. Ba za a shuka mini ita a gonar uwata ba."

"Ki ce wa su Mama," in ji Yotam a hankali, "waccan rawaya ce, wannan ja ce. Ba ɗaya ba ne."

"Ki ce masa baƙin kare da jan kare duk haushi suke."

Faides ba ta kai wannan ba. Yotam ya daɗe a tsugune har ƙafarsa ta yi tsami, sannan ya tashi.

Lakson ne ya raba gardamar, ba don ya yarda ba, sai don yana son Tisa. Washegari ya kai Yotam gindin dutse, bayan tasa gonar, ya nuna masa wani ɗan fegi mai tsakuwa da ba wanda ya taɓa sa wa fartanya. Tsakaninsa da farar masarar Lakson bai fi taku goma ba. Yotam ya tuna kashedin malama, ya kuma tuna cewa ba a ba shi zaɓi ba.

"Ga shi nan, zakara," in ji Lakson. "In duwatsu sun yi goyo ka kira ni cin gasasshiya."

Aikin gonar gida yana nan a wuyansa kamar kullum, don haka fegin bai samu daga gare shi ba sai sassafe kafin kowa ya fito da kuma ranar Lahadi bayan an taso daga coci. Ya tsince tsakuwa ya tara ta tsibi-tsibi a gefe. Ya riƙa share kashin awaki yana ɗurawa a buhu yana kaiwa a keke. Allah ya taimake shi daminar, wadda a wajenmu take sauka wajen ƙarshen shekara, ta yi kyau. A ƙarshen Fabrairu masarar ta yi goyo, sai ya sa farce ya tsaga bawon guda ɗaya ya leƙa. Ya daɗe a tsaye yana kallo, shi kaɗai a gindin dutse, sannan ya mayar da bawon ya rufe kamar mai lulluɓe jariri.

Wajen watan Afrilu dundumin Tisa ya fara dawowa, kamar yadda nas ta faɗa. A watan Mayu ya girbe buhu huɗu.

Mai injin niƙa ya leƙa cikin buhun ya yamutsa fuska. "Ka koma gefe sai kowa ya gama. In na zuba taka yanzu, matan nan za su ce na sa musu kashin jariri a gari." Yotam ya koma gefe ya zauna daga hantsi har la'asar. Faides ta ware wata tsohuwar tukunya ta tuƙa a ciki, don kada uwarta ta ce an ɓata mata tata. Tuwon ya fito ja, yana tururi. Tisa ta shinshina, ta gutsura, ta tauna tana kallon ubanta.

"Baba, da zaƙi," ta ce, ta kai hannu ta biyu.

Safe koko, rana tuwo, dare tuwo. Yotam bai san ranar da abin ya juya ba. Wata yamma dai cikin sanyin Yuli yana ɗinkin tayar keke, sai ya lura rana ta daɗe da faɗuwa kuma ba kowa a jikin bangon madafa. Can ya hango ta a bakin hanya cikin yara, tana bin wata akuya da gudu tana kauce wa kututture. Ya kira Faides da hannu. Ta fito da muciya, ta duba, ta koma ciki, sai ya ji ta tana 'yar waƙa a kan tukunya.

Har tsohuwa ma sai da ta ɗanɗana. Yana bayan rumbu ya ji Tisa tana cewa, "Ƙawata, buɗe baki ki ji." Sai muryar tsohuwa: "Ba gishiri ba yaji, kamar ubanki." Amma bai ji ta tofar ba.

Waɗannan watanni uku su ne ribar da Yotam ya ci. A watan Agusta ƙanwar mai gari ta rasu, aka yi zaman makoki na kwana uku, kowane gida ya kai gari. Makullin rumbun farar masara yana hannun tsohuwa, sai Faides ta ɗebi jar ta kai. Masu makoki suka cinye tas, ba wanda ya ce kashin jariri. Gidan kuma mutum goma sha huɗu ne ke ci daga tukunya ɗaya, farar ta yi ƙasa tun kafin zafi ya shigo. Da aka fara kai ƙwarya wajen buhunan Tisa, Yotam ya so ya yi magana. Amma da wane baki? Shekara goma ke nan yana cin tuwon gonarsu. Kafin ƙarshen Oktoba buhunan huɗu sun zama abin shimfiɗa. Abin da ya rage masa shi ne masara ashirin masu kyau da ya ɗaure ya rataye a saman murhu, hayaƙi yana korar musu ƙwari. Ya san an hana. Ya ajiye ne don ko-ta-kwana.

Ya hau keke ya je ofishin gona neman sabon iri, ya tarar da ƙofa a rufe, wani dattijo yana sharar ganye a gaba.

"Malama Mumba? An mayar da ita birnin Chipata tun watan jiya. Aikin nasu na shekara uku ne, ya ƙare."

"To irin fa, Baba?"

"An ce yanzu a shaguna za a riƙa samu."

Ya wuce garin Petauke, tafiyar rabin yini. Shago uku ya shiga. Biyu ba su ma san da ita ba. Na ukun ya ce, "Bara na kawo leda talatin. Ba wanda ya tambaya, har ƙwari suka mayar mini da ita gari. Kai ne na farko. Ga fara nan iri-iri, ka zaɓa." Yotam ya yi godiya ya fito. A hanyar dawowa bai tsaya ko shan ruwa ba. Da ya isa gida ya sauke masarar da ke saman murhu, ya zauna ya ɓare ta da hannunsa, ƙwaya-ƙwaya, a cikin hularsa.

Ruwa ya sauka a Disamba, shuka ta fito gwanin sha'awa. A tsakiyar Janairu ya ɗauke. Mako ɗaya, mutane suka ce hutu ne. Mako biyu, ganyen masara ya nannaɗe kamar na albasa. Aka yi addu'a a coci, tsofaffi suka je kurmi suka zuba giya a gindin itace, sama tana nan shuɗiya wayam. Sai bayan mako biyar aka yi wani ɗan yayyafi da bai ko kwantar da ƙura ba. Fegin gindin dutse shi ya fara ƙonewa, don tsakuwa ba ta riƙe laima. Abin da Yotam ya tsinto bai cika kwando biyu ba. Da ya ɓare bawon sai ya ga 'ya'yan tsilla-tsilla, wannan fara, wannan rawaya, can guda ja, kamar haƙoran tsoho. Lakson ya zo ya tsaya a kansa ya duba. Yotam ya jira zolaya, ba ta zo ba. Lakson ya dafa kafaɗarsa kawai ya wuce. Gonarsa shi ma ba ta ba shi abin da zai kai watan Yuli ba.

Gidan ya koma cin abinci sau ɗaya. A watan Yuni Tisa ta koma jikin bango. Ya sake kai ta ɗakin shan magani, ya tarar da wata nas ce daban, ta ce jar ƙwayar ta ƙare, sai an kawo. Ya koma bayan wata guda, ba a kawo ba. Kajin gidan aka yi ta musanyawa da gari ɗaya bayan ɗaya. Mangwaro da ya fara 'ya'ya, tun suna ɗanyu aka riƙa kaɗowa ana dafawa, ba wanda ya bari ko guda ya nuna.

A watan Oktoba maza suka fara watsewa. Yotam ya bi wasu zuwa dajin da ke kusa da babban titi, inda ake ƙona gawayi ana sayar wa direbobin manyan motoci. Mako uku ya yi yana sara yana binnewa yana tonewa, har tafin hannunsa ya daina jin zafin garwashi. Ya dawo da buhun gari ɗaure a bayan keke, yana jin kansa kamar wanda ya ci yaƙi.

Tun daga bakin gari ya ga sababbin kaburbura biyu, ƙanana. Ƙyanda ta shigo bayan tafiyarsa. Faides ta tarye shi a ƙofa da Dalitso, ƙanin Tisa, a kafaɗa, jikinsa duk ƙuraje, ita kanta ta rame har wuyanta ya yi tsawo.

"Tisa fa?"

"Tana ciki. Zazzaɓin ya sauka. Idon ne ba ta buɗewa."

"Tun yaushe?"

"Yau kwana bakwai."

"Kwana bakwai, Maman Tisa, ba a kai ta ko'ina ba?"

"Da me zan kai ta? Keke yana wajenka. Wannan kuma ba ya sauka daga jikina. Mama ta ce mai ƙyanda ba a fita da shi rana, in an fita ƙurajen ciki suke komawa. Ta samo ganye tana ɗiga mata."

Ya shiga. Ɗakin da duhu, an toshe taga da tsumma. Tisa tana kwance a kan buhu, ta juya wa ƙofa baya. Da ta ji muryarsa ta miƙo hannu ta kama rigarsa. Ya ɗauke ta ya fito da ita inuwa, ya jiƙa gefen rigar ya goge kwantsar da ta manne, ya sa yatsa a hankali ya ɗaga fatar idon hagu. Baƙin idon ya koma kamar ruwan da aka wanke shinkafa. Ta yi ƙara ta ture hannunsa.

Bai nemi izinin Lakson ba, bai je bayan rumbu ya tsuguna ba. Ya kwance buhun gari ya jefar a tsakar gida, ya karɓi zanen Faides ya goya Tisa kamar mace, ya lulluɓe mata kai, ya hau keke. Mutane suna kallonsa har ya fita gari.

Likitan da ya duba ta a babban asibiti saurayi ne, idonsa ja don gajiya, ga layin uwaye da yara har waje. Ya haska 'yar fitila a idon hagu, ya haska a na dama, ya sake komawa na hagu.

"Wannan ya riga ya tafi," ya ce. "Na daman za mu tsare abin da ya saura. Zai bar hakiya a tsakiya. Za ta riƙa bambance haske da duhu, wataƙila da inuwar mutum in ya matso."

"In an yi aiki fa?"

Likita ya girgiza kai. "Da kwana huɗu da suka wuce ne, da wata magana ce."

"An ɗiga mata ruwan ganye a gida. Shi ne ya jawo?"

"Bai taimaka ba. Amma ba shi ne tushen ba. Ƙyanda ce ta shigo ta tarar da jikin da ba komai a rumbunsa. Yaron da ke da bitamin A a jiki yakan yi ƙyanda ya tashi da idonsa."

Yotam ya zo da niyyar ya samu wanda zai ɗora wa, ya rasa. Ya tsaya yana murza hularsa. "Na shuka jar masara," ya ce. "Bara ta ci. Har gudu take da yamma."

"Madalla," in ji likita, yana rubutu. "Ka ci gaba da ba ta." Ya ɗaga kai ya kira mai bi.

Kwana goma sha ɗaya suka yi a asibiti, yana kwana a ƙasa kusa da gadonta. Tisa ba ta yi kuka da yawa ba. Tambayarta ɗaya ce kowace safiya, ko yau za a cire mata auduga. Ranar da aka cire ta juya kai wajen taga, ta juyo wajensa, ta ce, "Baba, kai ne wannan baƙin?" Ya ce shi ne.

Da suka dawo Chimkoko ya tarar Dalitso ya tashi, idonsa lafiya, don shi rabon gida-gida ya same shi. Yotam ya sauke Tisa, ya je bayan rumbu ya tsuguna don ya ba da labari kamar yadda aka saba. Sai ya ji takun ƙafa. Tsohuwa Alines ce ta zagayo, ita kaɗai, ba Faides. Ta zauna a ƙasa daidai gabansa. Shekara goma sha ɗaya, ranar ya fara ganin fuskarta sosai. Ashe ƙarama ce, kuma idonta irin na Tisa ne.

"Baban Tisa," ta ce, "ni na ɗiga mata. Safe da yamma, da hannun nan."

"Likita ya ce ba shi ba ne, Mama."

Ta daɗe tana kallonsa. "Ba ka iya ƙarya ba," ta ce. "Amma na gode." Ta dafa ƙasa ta miƙe da ƙyar. Har ta juya sai ta tsaya. "Gonar fadama, in kana so ka shuka abin naka, ka shuka."

"Babu irin, Mama."

Ta gyaɗa kai ta tafi.

Makaranta ta ce ba ta da yadda za ta yi da yarinyar da ba ta ganin allo. An ce akwai ta makafi can wajen Chipata, Lakson ya yi alkawarin zai bincika in an yi girbi. Kowa ya ce to, kowa kuma ya san irin girbin da ake nufi. Tisa ta koyi hanyar madafa da ta rijiya da tafin ƙafa. Yara suka yi mako biyu suna rige-rigen kama hannunta, daga baya suka gaji suka koma wasanninsu.

Ruwan farko ya makara har tsakiyar Disamba. Irin da aka raba wa manoma a shekarar leda ɗaya ce ga kowane gida. Ranar shuka Tisa ta ƙi zama, ta ce sai ta bi shi fadama. Yana gaba yana sara, tana baya tana laluben ramin da babban yatsan ƙafa, ta jefa ƙwaya biyu, ta rufe da diddige. Ba ta tsallake rami ko ɗaya ba. Wata mata da ke wucewa da fartanya ta tsaya ta ce, "Kai, yarinyar nan ta fi masu ido." Yotam ya ci gaba da sara.

A tsakiyar kunya ta uku Tisa ta tsaya tana murza ƙwaya tsakanin yatsunta.

"Baba, wannan ba irin tamu ba ce. Ta fi faɗi."

"Fara ce."

"Tamu fa?"

"Babu ita bana."

"To," ta ce, ta jefa ta rufe.

Shukar ta tsiro cikin kwana biyar. Daga nan ruwa ya ɗauke na kwana goma sha shida, rana ta ƙone ta tun tana ganye uku. Da aka shiga Janairu sai suka sake shuka gonar, shi da ita, da tsabar da Faides ta auno a kasuwa don tuwo, wadda ba wanda ya san daga inda ta fito.